Kafin Ku Kama Hanyar Diffa

'Ya'yana, labari ya zo mini cewa kuna haɗa kuɗin mota za ku Diffa in an ba da hutu, wasunku don bikin abokin karatu, wasu kuma don dai su ga gabas da idonsu. Madalla. Yaron Maraɗi ko na Damagaram ya san Kano, ya san Yamai, wani ma ya taka Agadas, amma Diffa sai dai a rediyo, kuma rediyon ba ya ambatonta sai an yi abin baƙin ciki. Don haka ba hana ku zan yi ba. Roƙona shi ne ku tsara tafiyar daidai da garin da za ku. Irin tsarin da kuke gani a waya, na mai kwana uku a Dubai da ke jera wurare goma sha biyu yana bi yana ɗaukar hoto, ba zai yi muku aiki a can ba. Diffa ba garin ganuwa da tsofaffin fadodi ba ne. Sai a 1964, da aka raba Nijar jihohi bakwai, aka mai da ita babban birnin jiha. A zamanin Turawa Ngigmi ce ke da bariki. Abin kallon Diffa ruwa ne da aikin da mutane ke yi a bakinsa, su kuwa kowanne da watansa da ranarsa. Wanda ya zo ba kan lokaci ba zai koma gida yana cewa ba kome a can sai rairayi da zafi, kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa.

Saboda haka ku fara da zaɓen wata, tun kafin a yi maganar tikiti. Kumadugu, kogin da ke bi ta gefen garin, ba ya gudu shekara zagaye, kuma ruwansa ba na Diffa ba ne. Daminar can gajera ce, abin da ke sauka a shekara wajen milimita 300 ne. Ruwan da ke cika kogin daga nesa yake tahowa. Kogin Kano da na Challawa su haɗu su zama kogin Haɗeja, kogin Jama'are ya gangaro daga tsaunukan Jos ta ƙasar Bauchi, su tarar da juna a fadamun Haɗeja da Nguru. Daga nan ruwan ya bi ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya na tsawon wajen kilomita 150, sannan ya faɗa Tafkin Chadi kusa da Bosso. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, don haka tafiyarsa irin ta tsohuwa mai zagayen gaisuwa ce, kowace fadama sai ya tsaya ya cika ta kafin ya wuce. Ga kuma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, waɗanda ke riƙe nasu rabon su saki yadda masu kula da su suka ga dama. Shi ya sa goshin ruwan kan iso Diffa wajen watan Yuli, amma cikarsa sai Nuwamba zuwa Disamba, an daɗe da ɗauke ruwan sama. Ambaliyar 2019 da ta 2022, da suka cinye gonaki suka tashi ƙauyuka, a ƙarshen damina da bayanta suka yi ɓarnarsu. Ɗan Kano da ya tsaya a bakin Kumadugu cikin hunturu, ruwan daminar garinsu yake kallo.

To, in da zaɓi, ku je tsakanin Disamba da farkon Fabrairu. Kogi na da ruwa, rana ta yi sauƙi, kuma lokacin ne ake tsinkar tattasai ana shanya. Ku riƙe bargo da rigar sanyi, don sanyin asubar ƙasar rairayi ba ya ragawa baƙo, hazo kuma na iya rufe gari kwana da kwanaki. In kuwa kuka bari sai Afrilu ko Mayu, zafi ya haura digiri 40, kogin ya yanke ya bar tafkuna nan da can, ba abin da za ku iya tsakanin hantsi da la'asar sai neman inuwa.

Bayan wata sai rana. Babbar kasuwar Diffa ranar Talata take ci. Duk sauran shirinku ku jingina shi da wannan: ku isa Lahadi da yamma ko Litinin, Talata ta same ku a gari kun huta, Laraba ko Alhamis ku juyo. Wanda ya sauka Laraba ya tashi Asabar ya ga gidaje da tituna, bai ga abin da ke riƙe da garin ba.

Hanyar kanta ku ba ta haƙƙinta. Daga Yamai kilomita 1,360 ne ko kusa da haka, daga Damagaram wajen 470. Wanda ya ce zai yi kwana uku a Diffa ya ƙara yini biyu na zaman mota, in daga Yamai ne ma ya fi haka. Manyan motocin kamfani da asuba suke tashi. Ku yanki tikiti tun jajibiri, in kun isa kuma ku yi maganar na komowa kafin ku bar tasha. Za ku bi ta Mirya da Gidimuni da Gure, daga nan ƙasa ta fara sauya kama, tuddan rairayi su matso har bakin kwalta, goriba ta yawaita, sai Gudumariya, sai Maine-Sorowa, sai Diffa. Kada ku yi barci a wannan yanki, yana cikin abin da kuka biya kuɗi ku gani. Shingayen jandarmomi da sojoji suna da yawa, musamman in an kusa. Katin shaidar ɗan ƙasa ya zauna a aljihun gaba, ba a ƙasan jakar da ke cikin but ba. In an ce a sauka ku sauka, a tambaye ku ku amsa a taƙaice, wurin wa za ku, a wace unguwa. Ku da za ku taso daga Nijeriya, na san taswira za ta nuna muku ta Gaidam ko ta Damasak ya fi kusa. Ku bar wannan ga 'yan ƙasar da suka san halin hanya na kowane mako. Ku bi ta Kano ku shiga Damagaram, ku kwana, ku kama motar asuba.

Wurin wa za ku? Wannan tambaya ta bakin shinge ita ce ginshiƙin tafiyar duka. Akwai otal-otal da gidajen baƙi a garin, sun ma ƙaru tun da ƙungiyoyin agaji suka yawaita, kuma ba laifi ku kama ɗaki in gidan da kuka sani ya yi muku kaɗan. Amma ɗaki daban, mai masauki daban. Kuna bukatar mutumin gari, dattijo in da hali, wanda ya san da zuwanku, wanda za ku gaya wa inda za ku kowace safiya, wanda in ya ce yau ba a bin nan za ku ce to, ba tare da neman dalili ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, cikin watan aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar. Aka hana hawan babur, aka sa dokar hana yawon dare, aka dakatar da cinikin kifi da na tattasai saboda hukuma ta ce 'yan bindigar na karɓar haraji a kansu. Sai a 2017 aka sake wa tattasai mara, kifi kuma sai 2019. Ƙauyuka da dama na bakin kogi suka watse, mutanensu suka dawo bakin kwalta suka kafa bukkoki. Jihar da ƙidayar 2012 ta ba mutum 593,821 ta wayi gari da 'yan gudun hijira da waɗanda suka bar gidajensu fiye da 200,000. Abubuwa sun yi sauƙi a kan da, gari ya ci gaba da harkarsa, ana biki ana suna. Amma dokokin nan ana sassauta su ana kuma tsanantawa, satar mutane don kuɗin fansa ta taɓa ƙauyuka da yawa, kuma wurin da ake zuwa lafiya a wannan wata yana iya zama wurin da ba a zuwa a wata mai kamawa. Ba wayar da za ta gaya muku wannan. Wanda ɗan'uwansa ya dawo daga lambu jiya da yamma shi ya sani. Ku kira shi a makon da za ku taso, ku tambaye shi ƙarfe nawa ake shiga gida, me aka hana, me aka bari.

Ranar farko ta gaisuwa ce, kada ku ɗauke ta ɓata lokaci. Mai masauki zai zagaya da ku gidajen dangi, wataƙila ya kai ku wurin bulama, a shimfiɗa muku tabarma, a dafa shayi. Ku cire takalmi, ku rage murya, ku bar gaisuwa ta yi tsawonta, don Barebari ba su gaggawa da ita. Hausa za ta kai ku ko'ina a cikin gari, amma ku roƙi yaran gida su koya muku gaisuwar safe da ta yamma da Barbarci. Ko kun karya harshe dariya za a yi, a ƙara sakin jiki da ku. Garin mahaɗa ce: Mangawa da Mobar, Fulani, Tubawa, Larabawa, Buduma na tafki, ga Hausawa 'yan kasuwa. In kuka ji Bafillace da Babarbare suna jifan juna da maganganun da a wani wuri sai an raba, kada ku tashi rabo, wasan taubasai ne, ya girmi kakanninku. Ku dai kada ku tsoma baki sai kun san gefen da kuke.

A wannan zagaye ne za ku ga garin ba tare da kun nema ba. Diffa Kura, tsohuwar unguwa, da lungunanta na rairayi. Sababbin tituna da gine-ginen da aka yi don bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba, wanda ake kira Diffa N'Glaa, da aka yi a 2021. Filin kokowa, inda aka yi gasar kokowa ta ƙasa a ƙarshen 2022 Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin. Jami'ar da aka kafa a 2014. Waɗannan kallon wucewa ya ishe su.

Zirga-zirga ba ta da wuya. Garin bai kai Damagaram girma ba, da safe ƙafa ma ta isa, sai dai tafiya a cikin rairayi tana cin gwiwa fiye da yadda ido ke aunawa. Hana babur ya kashe sana'ar 'yan kabu-kabu a wancan lokaci, samari da yawa suka rasa abin yi, tasi da adaidaita suka maye gurbi. Shawarata ita ce mai masauki ya haɗa ku da direba guda wanda ya sani, ku karɓi lambarsa, ku yi jinga da shi ta yini in za ku wurare da yawa. Ya fi arha in kuna da yawa, ya kuma fi kwanciyar hankali. Ku yi ciniki kafin ku hau, sannan ku tambaya, da naira ko da sefa? A Diffa kuɗin biyu duk suna yawo, cinikin kasuwa da yawa ma da naira ake yin sa, don Maiduguri ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Ku riƙe kaɗan na kowanne, da 'yan canji ƙanana, sauran kuɗin ku tura wa kanku ta kamfanin aika kuɗi ku karɓa a can. Fita biyu ce a yini: daga bayan karin kumallo zuwa kafin azahar, sai bayan la'asar. Magariba ta same ku a gida.

Ranar Talata ku yi sammako, ku nufi wajen 'yan tattasai. Tun daga nesa hanci zai gaya muku kun iso, sai atishawa. Buhuna ne jibge sun fi tsayin mutum, 'yan dako na ɗaukar buhu guda a ka suna gudu da shi, don busasshen tattasai girma gare shi ba nauyi ba. Ku sami gefe ku tsaya ku kalli mai saye na gaskiya. Ba ya yarda da na bakin buhu, wanda aka zaɓa aka jera. Zai tura hannu har gwiwa ya damƙo na tsakiya, ya matse a tafinsa ya saurara: in ya bushe sarai zai yi ƙaras-ƙaras ya karye, in da sauran danshi sai ya lanƙwashe shiru. Ya ɗaga shi ga rana ya duba ja, ko ya yi duhu mai sheƙi ko ya koɗe, ya fasa ɗaya ya ga ko ciki ya yi baƙi. Duk wannan bai ce uffan ba. Sannan dillali ya matso, a sunkuyar da kai a yi ƙus-ƙus, a tafa. Tsinkar farko ta fi daraja, ta ƙarshe ta fi araha, kuma mai ido yana rarrabe su daga launi kawai. Kafin rikici ana ƙiyasta abin da kwarin Kumadugu ke bayarwa ya kai wajen ton 10,000 a shekara, mafi yawansa Nijeriya yake tafiya. Jan miyar da kuka ci a Kano ko Maiduguri, ba mamaki daga nan ya taso. In za ku ɗauki hoto ku nemi izini, mutum da dukiyarsa ne. Daga nan ku leƙa wajen masu bandar kifi, ku zaga karar dabbobi, ko Allah zai sa ku ga shanun Kuri na tafki, masu ƙahon nan mai kumburi wanda ba ku taɓa ganin irinsa a yamma ba.

Kogi kuwa, sai in mai masauki ya ce a je, kuma shi ko ɗansa ya raka ku, da rana tsaka-tsaki, ba da sassafe ba, ba dab da magariba ba. Ba nisa, ta wajen ƙauyen Bagara ma an kai. Abin da zai fara ba ku mamaki shi ne ƙanƙantarsa. Kogin da ya raba ƙasa biyu, a wasu wurare mai ƙarfin murya zai yi magana da na ƙetare. Ga injinan ban ruwa suna ta ƙugi, ruwa na bin 'yan magudanai yana shiga fangalin tattasai da na albasa da shinkafa, ga wuraren shanya sun yi jajir a kan farin rairayi, mata da yara a duƙe suna juyawa. Kuna iya dacewa da masunci kwance a kan ƙatuwar gora, yana tuƙi da hannu da ƙafa, kifin da ya kama yana jefawa cikin gorar da yake kai. Ku gaisa da mai lambu, ku tambaye shi nawa yake kashewa a mai da taki kafin ya ga tsinkar farko. Amsar za ta sa ku daina yi wa mai tattasai tayin wulaƙanci. Ko wa ya ce ku zo a ƙetara da ku ku taka Nijeriya ku dawo, ku ce an gode. Kada ku ɗaga waya wajen gada, ko shinge, ko motar soja, ko da wasa. In kun ga kowa ya fara haɗa kayansa, ku ma ku tashi.

Akwai wani abu da nake so ku kiyaye, a hanya da cikin gari. Za ku ga bukkokin waɗanda rikici ya koro. Ba wurin kallo ba ne. Da yawansu masu lambu ne da shanu da jiragen kamun kifi, waɗanda a da suke sauke baƙi su yanka musu rago. Kada ku tsaya kuna ɗaukar su hoto, kada ku ce wa mutum ya ba ku labarin ranar da aka kore su. In shi ya ɗauko zancen don kansa, ku saurara ku yi masa addu'a. In kuna da abin bayarwa, ku ba mai masauki, ya san hannun da zai sa a ciki ba tare da an kunyata kowa ba.

Na san a cikinku akwai mai karance-karance da zai ce a je Ngigmi, kilomita 130 ne kawai, a ga farin rairayin Tal, a ga inda Tafkin Chadi yake kaiwa a shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Wani ya ce a je Bosso a ga mashigar kogi. Wani ma ya tuna da kufan Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15 aka ci shi da yaƙi a 1808, yana can ƙetare a jihar Yobe. Duk sun cancanci gani, amma ba a wannan zuwan ba, kuma ba da shawarar kanku ba. Ko da lafiya lau ake, kwana uku ba su ɗaukar wannan.

In kuna son ƙari, Maine-Sorowa na kan hanyarku ta komowa, wajen kilomita 75 daga Diffa. Ku shiga ƙaramar mota ranar Laraba da safe, ku kwana can, babbar mota ta ɗauke ku washegari. Ku shirya wannan da 'yan tasha tun a Diffa don a ajiye muku kujera. Garin Tandja Mamadou ne, wanda ya mulki Nijar daga 1999 zuwa 2010, a nan aka haife shi a 1938, a nan kuma aka binne shi a 2020. Amma abin da zan so ku gani shi ne kwaruruka na ƙasar Manga. Kuna tafe a kan tudun rairayi ba ko ciyawa, sai ƙasa ta faɗa a gabanku, ga goriba ta yi zobe, a cikinta dabino, a cikinsa lambuna, tsakiya kuma farin fili na kanwa. A irin waɗannan wurare ake dafa mangul ɗin da fatake suka daɗe suna kai wa ƙasar Hausa. Za ku ga kuma shingayen kaba da aka kakkafa a kan tuddai don tare rairayin da ke neman binne kwarin. Aikin shekara da shekaru ne, kuma ba a gama shi.

Tsaraba kada ta dame ku, tattasai da banda da dabino da turaren wuta na matan Barebari sun isa kowa ya san inda kuka je. Turaren ku bar uwar gidan da kuka sauka ta saya muku, ita ta san mai haɗi na kirki, kuma farashin da za a gaya mata ba shi za a gaya muku ba. Abin da za ku bar wa gidan kuwa ku taho da shi tun daga gida, sukari da ganyen shayi da sabulu da ɗan abin yara, ku miƙa ranar da kuka sauka. Wajen ɗaure kaya ku raba: banda a kwali, tattasai a buhunsa a cikin but, turare da tufafi a jakar hannu. In kuka haɗa su wuri guda, kafin ku kai Gure lafayar da kuka saya wa mahaifiyarku ta ɗauki ƙaurin kifi, wanki biyu ba ya fitar da shi. Da kun sauka a tashar garinku kuma, kafin ku nemi abin hawa, ku kira mai masauki ku ce masa kun iso, don tun da motarku ta tashi yake duban wayarsa.